Ƙamshin Tattasai a Kofin Nasara

A kasuwar tattasai ta Difa ɗinkin buhu nake yi yanzu. Buhun na wani, tattasan na wani, allurar ma ta aro ce. Ƴan dako sun sa mini suna Ɗan Faransa. In na wuce sai su ce, "Ɗan Faransa, ina motar?" Ba na tanka musu. Amma samari sun fara zagayowa a ɓoye suna tambayata hanya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan karatun lakkol, wato boko, da na yi kafin a kore ni. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Ba hanya zan nuna muku ba. Abin da na tarar a ƙarshenta zan faɗa.

Ban da labarin tashi. Kowa a nan ya san yadda aka kwashe mu daga bakin Komadugu, muka bar injin ban ruwa a gona da tattasai yana ja, aka zube mu a Assaga gefen gudron, hanyar kwalta, mu da tabarmi da awaki. Can na bar matata Fanna da yara, na yi arewa.

A Sabha, bayan na ƙetare hamada, na yi wa wani gini. Na ɗauki bulo har bayana ya daina miƙewa. Ranar da aka gama mai ginin ya zo a mota, ya sauke gilashi, bindiga na kwance a kujerar da ke gefensa. Ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Ladan ke nan.

Teku ba zan yi maganarsa ba. Ni ɗan kogi ne, na iya ruwa tun ban iya sallah ba, amma wancan ba ruwa ba ne.

A Italiya tumatir muka tsinka. Shef ɗin da ke kai mu gona baƙi ne kamar mu, yana sallah a sahun gaba, kuma shi ke sayar mana da ruwan sha da wurin zama a motar da ke kai mu aikin. A wannan gonar na ji wani yana zagin akwatin tumatir da Barbarci, zagi irin na mutanen bakin tafki. Na ajiye nawa na ce, "Kai, ɗan ina ne?" Ya ɗago ya ce, "Bosso. Kai fa?" Na faɗi garinmu. Ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Sunansa Bukar. Na girme shi kaɗan, don haka Ya Isufu yake ce mini. Daga ranar bargo ɗaya muke raba, tukunya ɗaya. Ya fi ni Faransanci nesa, ya taɓa yi wa wata ƙungiyar agaji direba. Shi ya samo labarin cewa a Faransa ana neman masu yankan inabi, kuma can patoron, mai gonar, da kansa ke biyanka, ba shef a tsakani.

Kafin mu kai gonar mun kwana a ƙarƙashin wata gada a Paris, a lokacin zafinsu ma. Na ga mutanen da suka yi lokacin sanyi a wurin. Wani ɗan Sudan ya nuna mini ƙafarsa, yatsu biyu babu. Ya ce ba yaƙi ba ne, sanyi ne ya ci su. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da nake gudu a duk abin da ya biyo baya.

Garin inabin yana bakin wani babban kogi mai sanyi. Ba zan faɗi sunansa ba. Tuddai ne, da layukan inabi a miƙe kamar an ja da igiya, da gidajen farin dutse. Rana tana fitowa kamar mai jin kunya, ta ɗan leƙo ta koma. Patoron namu Misiye Zilber, sa'ana ne, hannunsa a faffashe kamar nawa. Bai iya Isufu ba, ya maida ni Jozef. Ba mugu ba ne. Na so a ce mugu ne, da labarin ya fi mini sauƙin faɗa.

Tun ranar farko na san abin da ake yi da inabin. Warin gidan kaɗai ya isa. Na ce wa Bukar, "Mun gudo daga wuta mun faɗa gidan giya." Ya ce, "Ya Isufu, kai inabi kake yanka. Abin da suka yi da shi bayan ka juya baya, su da Ubangijinsu." Na san ba haka malaman garinmu suka faɗa ba. Amma malaman suna nesa, yunwar Assaga kuwa tana cikin wayata kullum.

Uwar patoron, wata tsohuwa mai suna Madam Odet, ita ke dafa wa masu yanka abincin rana. Da ta lura ba ma taɓa naman, ba ta tambaye mu komai ba. Washegari ta kawo mana tukunya daban, ta nuna ta da yatsa ta yi kukan kaza. Ita ta ba ni safar mijinta da ya rasu. Wata rana ta gan ni ina sallah a kan kwali bayan tarakta, ta koma ciki ta fito da wani tsohon labule ta shimfiɗa mini. Allah ya shirye ta, in tana raye.

Shekarar ba ta yi musu kyau ba. Ruwa ya sauko ana tsakar yanka, ya ƙi ɗaukewa. Inabin ya fara ruɓa a jikin itace. Misiye Zilber ya riƙa kallon sama yana zagi, daga baya ya ce a yanke duka, da wanda ya kai da wanda bai kai ba. Muka yi ta yanka cikin ruwa, laka har ƙauri, almakashi yana zamewa yana cin yatsa. In ka jefa baƙin inabin a baki, tsami ya kama maka haƙora.

Da aka gama kowa ya watse. Ɗalibai suka koma makaranta, ƴan Bulgariya suka cika motocinsu suka tafi. Mu ba mu da inda za mu. Patoron ya bar mu muna wanke manyan ganguna a cikin kogon da suka fafe a jikin dutse, inda suke ajiye giyar. Ya ba mu ɗaki a saman rumfar tarakta, mai na'urar ɗumi. Wata safiya ya kira mu ya yi magana a hankali don in gane. Ya ce akwai wani babban ɗan kasuwa da ke zuwa kowace shekara ya ɗanɗana sabuwar giya tun tana ganga. In ya saya da daraja, zai yi mana kontira, takardar ɗaukar aiki, mu biyu, mu yi masa aikin datse rassan inabi har sanyi ya wuce, ɗakin kuma namu ne. In bai saya ba, shi da uwarsa za su yi datsar, don ba zai iya riƙe ko mutum ɗaya ba.

Ranar na kira Fanna na ce mata an kusa. Ta ce, "An kusa ko an yi?" Na ce kamar an yi ne. Ta yi guɗa a waya. Ganyen inabi ya riga ya zube, da safe ciyawa fari fat, in ka taka ta tana ƙara kamar gilashi.

Ranar ɗanɗanon aka share kogon, aka jera kofunan gilashi masu doguwar ƙafa a kan tebur. Ba ɗan kasuwar kaɗai ya zo ba, har da maƙwabta da masu gidajen abinci da wata mata mai rubutu a jarida. Bukar aka ba ɗauko giya daga ganga. Ni aka ba bokiti da kwashe kofuna. Kafin su iso Bukar ya ja ni gefe ya ce, "Za ka ga suna tofarwa. Kar ka tayar da hankalinka, ba raini ba ne, haka suke yi." Na ce, "Su sa a baki su tofar? To me suka zo yi?" Ya ce, "Kai dai riƙe bokiti."

Haka kuwa aka yi. Manyan mutane da riguna masu tsada, kowa ya ɗaga kofi ya duba a fitila, ya juya shi, ya cusa hanci kamar akuya a kwanon dusa, ya kurɓa, ya kuskure baki da ƙara, ya tofa a bokitin da ke hannuna. Wani ma bai dube ni ba, ya ɗauka bokitin a kan kujera yake. Suna tofawa suna magana. Bukar yana wucewa yana raɗa mini abin da suke cewa. Wannan ta ce tana jin ɗanyen tuffa. Wancan ya ce furen wani itace. Wani mai gemu ya rufe ido ya ce jiƙaƙƙen dutse yake ji. Na ce a raina, sai wanda ya ƙoshi yake lasar dutse.

Da farar giyar aka fara. Ɗan kasuwar, wani gajere mai jan wuya da tabarau a goshi, ya gyaɗa kai. Ya ce tsaminta mai tsabta ne, irin na ƙasar sanyi, zai ɗauka. Na ga kafaɗar Misiye Zilber ta sauko kaɗan. Amma farar ba yawa. Ja ita ce dukiyar gidan, ita ta cika kogon, ita muka yanka cikin ruwa.

Bukar ya zuba ja. Ɗan kasuwar ya shinshina, ya janye hanci, ya sake shinshinawa. Ya faɗi kalma ɗaya: "Puwabron."

Ku da kuke Difa kun san kalmar nan. Tattasai ke nan da Faransanci. Duk malamin gona da ya taɓa zuwa garinmu da babur da ita yake buɗe baki, yana cewa puwabron ɗin Difa ba shi da na biyu, shi ne zinariyar jiha. Tun da na shiga ƙasar tasu mutane ke magana a kaina kamar ruwa a kan kwano, sai ga kalmata, tawa ta gado, a bakin mutumin da rayuwata ke hannunsa.

Misiye Zilber ya ce a'a, ya ambaci wani ganye. Ɗan kasuwar ya sake cewa puwabron. Matar jaridar ta karkata kai, ba ta bi kowa ba. Suka yi ta ja. Ni abin da na gani shi ne mai saye yana yaba kaya, mai kaya yana noƙewa. A wurinmu ma haka mai kunya yake yi.

Akwai kofin da wani ya ajiye da saura a ciki. Na ɗauka zan kai wanki. Ban sha ba, Allah shi ne shaida, ko leɓena bai taɓa ba. Hanci kawai na kai.

Jama'a, gonata ce. Ba kama ba, ita ce. Da sassafe, in ka ta da inji ruwa ya fara bin kwali-kwali, magudanan tsakanin shuka, ka bi layi kana duba tsutsa, ka karya ɗanyen tattasai a hannu, wannan ƙamshin kore mai kaifi da ke tashi ya manne maka a yatsu. Har da danshin ƙasar. Na ga bukkar da muke ajiye taki. Na ga Fanna tana tahowa da kwanon fura a ka, tana ɗaga zane saboda laka. Shekaru ban ga wannan ko a mafarki ba, mafarkina duk teku ne. Na tsaya da bokitin tofin mutane a hannu ɗaya, garinmu a ɗaya hannun.

Kun san al'adar kasuwarmu. In ana ciniki kana tsaye, kuma ka san kayan, ba ka yin shiru. Kana sa baki ka ce, "Alhaji, ɗauki, na san gonar, kaya ne." Ana kiran wannan taimako. Wanda ya ci abincin mutum ya bar shi shi kaɗai a gaban mai saye, ba ɗan halak ba ne. Na ajiye bokiti. Na tattaro Faransancin aji biyar na ce da ƙarfi, "Gaskiya ne, Misiye! Puwabron ne!"

Kowa ya juyo. Bukar yana can ƙarshen tebur da tulun gilashi a hannu, na ga ya buɗe baki, amma ya yi nisa.

Ɗan kasuwar ya sauko da tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ka san puwabron?"

Na ce, "Ni manominsa ne. Ubana ma. A ƙasarmu ba wanda ya fi mu."

Ya ce, "Wane iri kake ji a nan? Ja ko kore?"

Na sake shinshinawa, don kada in yi wa mutum shaidar zur. Na ce, "Kore. Ɗanye shar. Wanda bai nuna ba." Har na ɗaga babban yatsa.

Ya yi dariya har wuyansa ya ƙara ja. Ya dafa kafaɗar patoron ya ce, "Zilber, ga ƙwararre ka ajiye a gida ba ka faɗa mini ba." Wasu suka yi dariya, wasu suka kalli takalmansu. Matar jaridar ta rubuta wani abu. Misiye Zilber ya juyo. Ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da mutum ke yi wa garkensa bayan kura ta fita.

Bukar ya iso ya damƙi hannuna ya ja ni waje. Ya ce da Hausa, "Wa ya tambaye ka? Ya Isufu, wa ya tambaye ka?"

Na ce, "Taimakonsa na yi. Mutumin yana yabo, shi yana ƙi."

Ya ce, "Yabo? Aibi ne! A wurinsu in giya ta yi warin tattasai, inabin bai nuna ba ke nan. Abin da patoron yake ta musantawa tun ɗazu. Kai kuma ka zo ka rantse masa da ubanka."

Na ce, "Tattasai ne aibi?"

Ya ce, "A nan, e."

Abin da ya aurar da ni, ya gina wa ubana ɗaki, ya kai kakata Makka, shi ne a nan ake rage wa kaya daraja saboda warinsa.

Ɗan kasuwar bai tafi hannu wofi ba. Irinsu ba sa tafiya hannu wofi. Ya ɗauki jar duka a farashin da ake sayen wadda za a gauraya da wata, ya ce ma alfarma ya yi. Ko da ban yi magana ba zai taya da arha, wannan na sani, hancinsa ya riga bakina. Amma da akwai ja-in-ja, da wataƙila an haɗu a tsakiya, mu kuma a tsakiyar nan ɗakinmu yake. Ni na yanke igiyar. Har yau ban yarda na yi ƙarya ko rashin kunya ba. Na yi abin da aka koya mini a gida, a wurin da ba gida ba.

Madam Odet ta kawo mana miya da yamma kamar kullum. Ta ajiye, ta shafa kaina kamar yaro, ni da furfurata. Bukar bai ci ba.

Bayan kwana biyu patoron ya ce mu haɗa kaya, zai kai mu tashar jirgin ƙasa. Ya biya mu hakkinmu cif, bai rage komai ba. Da safen, Bukar na ɗaure jaka, na sulale na shiga kogon. Na ɗauki kofi na buɗe famfon gangar na tara kaɗan. Na zauna a kan akwati na sa hanci. Ban san daɗewar da na yi ba. Sai na ji takalmi a bayana.

Misiye Zilber ya ce, "Har yanzu puwabron ne?"

Na ce, "Har yanzu."

Ya karɓi kofin ya shinshina, ya miƙo mini. Ya ce, "Na sani, Jozef. Tun ranar da muka yanka na sani."

Na ce, "Patoron, ko mutum ɗaya. Ka riƙe Bukar. Shi bai ce komai ba."

Ya girgiza kai. Ya nuna gangunan da hannu, ya buɗe tafinsa wofi. Sannan ya ce, "Haka gonarka take wari?" Na ce haka. Ya ce, "To, gona ce mai kyau." Ya fita ya ta da mota.

A tasha Bukar ya sayi tikitin kudu, ya ce zai koma Italiya tsinkar lemo, wurin shef ɗin nan mai sayar da ruwa. Na ce mu tafi tare. Ya ce shef ɗin mutum ɗaya ya ce. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ya buɗe jaka ya ciro bargon da muke raba ya tura mini. Na ce, "Ka yafe ni." Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, Ya Isufu." Jirginsa ya iso. Ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya juyo ya ce, "Amma in ka sake jin ƙamshin gida, ka toshe hanci."

Sanyin shekarar a ƙarƙashin gadar na yi shi. Yatsuna suna nan duka, tari ne bai bar ni ba. Da na ga zan mutu na je na sa hannu a takardar komawa gida aka maido ni a jirgin sama. Lambar Bukar ta daina shiga tun kafin in dawo. Uwarsa tana Yebi, kusa da Bosso, ta ji labarin wani ya dawo wanda suka zauna tare. Duk wanda zai zo Difa sai ta aiko shi ya tambaye ni. Ina ajiye allura in ce a gaya mata na bar shi lafiya, yana shiga jirgi.